Shekarar da Muka Auna Rumbun Ishaya

Ruwan bana ya yi jinkiri. Cikin zafi muka yi bikin Ista, aka yi wani yayyafi da bai ko jiƙa bayan akuya ba, daga nan sama ta koma fari fat. Kullum da safe nakan zaga bayan gida in dubi wajen duwatsun Kagoro ko hadari ya taso, in dawo in leƙa ɗakin da muke ajiye buhunan masara. Na san buhu ba ya raguwa don an kwana, amma ƙafata ce ke kai ni.

Jikata Godiya, 'yar ɗana Dauda, tana karatu a Kafanchan, ta zo mini hutu. Shekaranjiya na same ta a gindin mangwaro da littafi da kalkuleta, tana ta tsaki.

"Kaka, wannan lakcara zai kashe ni."

"Kada ki ƙara kiran mutuwa a gidan nan. Me ya ce ki yi?"

"Asayimen ne na ƙididdiga. Gwajin zato a kan matsakaici." Ta ga ban gane ba, sai ta sauko da maganar. "Wai wani kamfani ya ce buhunansa, in aka haɗa duka aka raba daidai, kowane ɗaya kilo hamsin ne. Ba mai iya auna duka. Sai a ɗebi kaɗan a auna. To in sun gaza hamsin, tambayan shi ne, hannu ne kawai ya faɗa a kan marasa nauyi, ko maganan kamfanin ne ba daidai ba?"

Na ce, "Wa ke zaɓan buhunan da za a auna?"

"Ba a zaɓa, Kaka. Kamar ido a rufe ake ɗauka."

Ido a rufe. Na jawo turmi na kife na zauna, don surukata Mama Kande ce ta faɗo mini a rai, zaune a kan tabarma da sandarta, fuskarta a ɗage wajen rumbu.

Ba zan faɗi shekarar ba, kada in yi kuskure. Abin da na tabbata shi ne Dauda ya fara famfara, autata Saratu kuma tana nono. Muna ƙauyenmu a bayan Zonkwa, ni da maigidana Ishaya, da yara uku, da mahaifiyarsa Mama Kande wadda ciwon yana ya rufe wa ido duka biyu. Ɗakunanmu na ciyawa ne. Gonar dawa biyu gare mu, babba a kan tudu, ƙarama a bakin rafi.

Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, dawa tana cikin zuba ido. Ga shi lokacin girbi kurkunu ya kwantar da Ishaya, ƙafarsa ta kumbura kamar gwaza, ko bakin ƙofa sai da rarrafe. Mazan ikkilisiya ne suka taimake mu. Dattijo Bulus ya jagorance su, suka yanke, suka ɗaure, suka loda a rumbu, ni ina can wajen murhu ina fama da tukunyar kunu. Da suka gama suka leƙo suka faɗa wa Ishaya yawan dami, suka yi masa addu'a suka tafi.

A wajenmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ina da nawa ƙarami na acca da gyaɗa da kalwa, amma babban na dawa, wanda ke tsaye a kan duwatsu da jinkarsa a bisa, maigida kaɗai ke jingina tsani ya shiga. Shi zai jefo dami, ni in sussuka, in sheƙe, in niƙa. Saboda haka shi ya san yawan dami, ni kuma na san abin da ke cikin dami. A gidan su Ishaya kuwa magana ɗaya ce tun zamanin mahaifinsa: dami mudu goma ne. Da igiya mai tsawo ɗaya ake ɗaurewa, kuma da wannan goman ake lissafin shekara.

Tun bayan Kirsimeti na fara jin hannuna bai yarda ba. Zangarniya ga ta da tsawo, amma idan na buga, ƙaiƙayi ya fi ƙwaya. Damin da ya saba kai mu Lahadi sai ya ƙare tun Juma'a. Na fara zargin kaina. Na ce ko hannuna ne ya yi nauyi wajen ɗiba, ko kaji ke ci idan na juya baya, ko mudun ne ya lotsa. Na ari mudun maƙwabciya na gwada da nawa, daidai suke. Ban gaya wa kowa ba, na dai riƙa kwana da abin ina tashi da shi.

Shi kuwa Ishaya ƙafa ta warke, zuciyarsa tana kan citta. Ya sami wani fili mai kyau, ya tara iri ya binne a inuwa, yana so da ruwan fari ya kira gayya a buɗe filin duka a yini ɗaya. Wanda bai ga gayya ta wancan lokaci ba, ba zai gane ba. Maza su jeru da garma, mai ganga a bayansu, ƙasa tana juyawa baƙa wuluk, mata suna tahowa da tulunan kunu a ka. Amma gayya ciki ce. Sai an sauke dami biyar ko shida, kuma idan tuwo ya gaza, sai jikokinka sun ji labari. Ishaya ya riga ya lissafa: dami arba'in ya rage, kowane goma, zai kai mu har acca ta nuna, da rarar da za a ciyar da gayya. Idan citta ta yi, a kai Kachia, a sayo kwano a rufe ɗakin Mama da namu.

Ran da ya ce zai sanar da maza a majami'a, na ce, "Baban Dauda, ina da magana, amma kada ranka ya ɓaci."

"In kin fara da haka, Uwar Dauda, na san wani abu ya mutu ko zai mutu. Faɗi."

"Damin bana ba ya kai goma. Na jiya bakwai na samu."

Ya yi dariya. "Na jiya! Dami ɗaya? Hannu da yawa ne suka ɗaure. Wani ya matse igiya, wani ya sake. Yau ki samu bakwai, gobe ki samu sha biyu, a ƙarshe duk goma ne."

"Na makon jiya ma haka."

"Biyu ke nan. Cikin arba'in."

Gaskiya ne, kuma abin da ya fi damuna ke nan, don ban iya cewa ya yi ƙarya ba. Ko a shekara mai albarka dami ba ya zama ɗaya da ɗan'uwansa. Amma idan tsorona ne daidai, aka ci shida a gayya, to a watan takwas, lokacin da ba abin da ya nuna a gona, rumbu zai zama fanko da yara uku a gabana.

Na ce to a sauke duka a buga a gani. Ya ce in yi hankali da bakina. Dawa a zangarniyarta take daɗewa, in aka buge ta duka ƙwari za su riga mu, mutane kuma su ce gidan Ishaya an fara sayar da abinci.

Mama Kande tana jin mu daga bakin ƙofarta. Ta buga sanda a ƙasa.

"Ku zo nan, ku biyun. Kun hana ni jin kukan kajina." Muka je muka durƙusa. "Maganar gidan nan goma ce, tun mijina yana da rai. Ba a ture ta don mace ta yi mafarki. Rifkatu, ke kika ce ta canja, ke za ki kawo shaida."

Na sunkuyar da kai. Ishaya ya fara murmushi.

"Kai kuma rufe haƙoranka, ina jin su. Shida za ka ba gayya, ko? To shida za a sauke a buga. In ta tabbata, abincin gayyarka ke nan an riga an gyara. In ba ta tabbata ba, mu ci abinmu a hankali."

Ishaya ya ce ya yarda, bari ya hau ya zaɓo.

"Ka zaɓo? Kai za ka ɗauko masu ƙiba, ita in an bar ta za ta ɗauko ramammu. Ni zan zaɓa. Ni ce ba na gani."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce kafin a taɓa tsani sai mun faɗi inda magana za ta tsaya, don ta san mu, in aka bari sai an auna, kowa zai ja sakamakon wajensa. Ishaya ya ce ko tara aka samu ai goma ce, bambancin hannu ne. Na ce tara ba goma ba ce. Ya ce da ni ce Nuhu, da sai na ƙirga dabbobin nan sau uku jirgi ya tafi ya bar mu. Muka yi ta ja har Mama ta gaji ta yanke: a haɗa ƙwayar dami shidan wuri ɗaya, a raba kashi shida daidai. Idan kashi ya kai mudu takwas ko ya wuce, gayya tana nan, ni kuma kada a ƙara jin bakina a kan dawa har kaka. Idan ya gaza takwas, ba gayya.

Na so in ce takwas ta yi ƙasa, ta ba shi fili da yawa. Amma na tuna ni ce mai ƙara, kuma abin da nake nema a rushe ba ƙarami ba ne. Na ce na yarda.

Ranar Asabar da hantsi aka yi. Zafin ranar har yanzu ina jin sa a tafin ƙafata. Iska ba ta motsi, ƙadangaru sun buɗe baki a jikin katanga, ganyen mangwaro ya yi laushi. Ishaya ya ɗage jinka ya shiga, muryarsa tana fitowa kamar daga cikin tulu. Mama tana ƙasa a tabarma.

"Juya bayanka wajen rafi. Miƙa hannun hagu. Abin da ka taɓa, shi ne."

"Mama, wannan ɗan ƙarami ne."

"Ban tambaye ka ba. Jefo."

Na biyu da ya faɗo ƙato ne. Na ce, "Mama, wannan kam ya fi sauran."

"Ke ma ban tambaye ki ba."

Haka ta yi ta juya shi, dama, hagu, gaba, jikin bango. Sau biyu ta ce ya ɗaga na sama ya zaro na ƙarƙashi, ya kuwa tura hannu har kafaɗa ya zaro. Ina so a san wannan, don kada a ce ba mu yi tunanin ƙasa ba sam. Mun yi, iyakar tsawon hannun mutum.

Na yi sussuka har tafin hannuna ya yi kanta. Ishaya da kansa ya karɓi taɓarya, abin da ban taɓa gani ba, yara suna ta dariya. Da na zo sheƙa babu iska, sai da na hau kan dutse ina jira. Ƙaiƙayi ya manne mana a wuya da gumi, Saratu tana kuka a bayana. Sai wata gardamar ta tashi, ko a cika mudu ya yi tsini kamar na kasuwa, ko a shafe bakinsa. Mama ta ce yadda aka saba aunawa a gidan, da tsininsa. Ishaya ya riƙa cikawa yana lallaɓa tsinin da yatsa kamar mai gyaran gashin amarya.

Kashi shida muka yi a kan tabarma. Kowane ya ba da mudu bakwai da ɗan abin da bai cika tafin hannu biyu ba.

Ni da na ci gardama, sai a lokacin na gane na fi so a ce ni ce na yi kuskure. Ishaya ya daɗe yana kallon tabarmar, sannan ya karkaɗe hularsa ya ce, "To. Ba gayya."

Washegari bayan sujada shi da kansa ya tsaya a gindin ɗorawa ya gaya wa maza. Ya riga ya yi wa wasu alkawari, har mai ganga ya ɗaure sabuwar fata. Ina daga nesa cikin mata ina ganin yadda yake murza hula a hannu. Bai ce matata ce ta ce ba. Ya ce, "Rumbuna bai kai ba." Namiji ya faɗi haka a gaban maza, a wancan zamani, ba ƙaramin abu ba ne.

Ruwa ya sauka bayan haka, da ƙarfinsa. Ƙanshin ƙasar ranar farko ya sa yara suka fita tsirara suna tsalle. Mu biyu muka shiga filin citta, shi da garma ni da fartanya, Saratu a kwance a inuwa. Muka buɗe abin da ƙarfinmu ya kai, wajen kashi ɗaya cikin uku, muka dasa, muka yi ta jido ciyawa da ganye muna lulluɓewa. Sauran irin ya ba wani ɗan'uwansa don kada ya lalace. Sauran filin kuwa tofa ta cinye shi muna kallo.

A gida na koma shafe bakin mudu. Tuwo sau ɗaya, da yamma. Da safe kunu mai ruwa wanda kana iya ganin gindin ƙwarya. Da rana gwate, wanda yakuwa da gauta suka fi tsaki yawa a ciki. Mangwaro ya riƙe mu har ya ƙare. Garin ɗorawa ya riƙe mu, bakin yara kullum rawaya. Ranar da shinge, ƙwaron gara mai fiffike, ya fito bayan ruwa, muka bi shi da kwano da tsintsiya, na soya da gishiri, gidan ya yi ƙanshi kamar ana biki. Daga nan sai tafasa da rama da zogale, yau kwaɗo gobe kwaɗo, har ƙuli ya ƙare muka koma gishiri da barkono kawai.

Yunwar damina daban take da ta rani. Ko'ina kore shar, masara ta fi mutum tsawo, rafi ya cika, amma ba abin da za ka kai baki. Kana noma gwiwarka tana rawa. Ishaya ya ƙara huda a belinsa da ƙusa. Mama ta riƙa cewa tuwo yana tsaya mata a ƙirji, tana tura nata gaban yara, ta ɗauka don ita ba ta gani mu ma ba ma gani. Nonona ya ragu, Saratu ta riƙa cizo tana kuka. Idan ruwa ya kece, jinkar ɗakinmu tana yoyo wuri uku, in jera ƙwarya da kasko da tasa, kowane da irin ƙararsa. Ishaya yakan kwanta yana saurare ya ce ga gangar gayyarsa ta zo har gida. Warin jiƙaƙƙiyar ciyawa da hayaƙin ɗanyen itace, shi ne warin wannan shekara a hancina.

Duk da haka akwai abin da nake kewa. Da yamma muna zagaye akushi ɗaya, ana raba loma kamar ana raba nama, Mama tana ba yara labarin yunwar zamaninsu wadda ta ce tamu wasa ce. Ishaya yana rera waƙar majami'a da muryarsa da ba ta taɓa hawa daidai ba. Ba mu taɓa zama kusa da juna kamar lokacin ba.

Masara ta yi goyo amma ba ta nuna ba, acca ta fara sunkuyar da kai, ran nan Ishaya ya hau rumbu. Yanzu ya yi zurfi, ko hularsa ba a gani. Ya daɗe. Sai na ji muryarsa daga ciki.

"Uwar Dauda, miƙo igiya. Wannan ba zai jefu ba."

Da damin ya sauko, na sa hannu zan ɗaga kamar yadda na saba, ya ƙi tashi. Ja ce dawar, ƙwaya a cike, zangarniya a dunƙule. Ta bakin rafi ce, wadda ƙasarta ta riƙe laima bayan ruwa ya ɗauke. Na buga na auna, sha biyu. Na ce mudu ya yi ƙarya, na sake aunawa. Ya sauko da wani, haka. Ya ce duk abin da ya rage a gindin rumbun irinsa ne, jere a kan jere.

Ishaya idan zai loda rumbu, gauraya yake yi, ɗaya na tudu ɗaya na rafi, haka mahaifinsa ya koya masa, kuma bai taɓa kawowa a ransa akwai mai yin dabam ba. Su kuwa mazan ikkilisiya ta rafi suka fara yankewa suka zuba a ƙasa, ta tudu ta hau kai. Tun Kirsimeti ta tudu muke ci, ita muka auna. Da aka tambayi Dattijo Bulus daga baya, cewa ya yi, "Ai ba ka ce mu gauraya ba, Ishaya. Kana kwance kana kiran uwarka da ƙafa a sama."

Na zauna a ƙasa a wurin. Na dubi wuyan Dauda da ya zama kamar na kaza. Na tuna filin da tofa ta ci, da hular da aka murza a gindin ɗorawa. Da an yi gayyar, da abincin ya kai. Da ƙyar, amma da ya kai.

Ishaya ya sauko daga tsani, ƙaiƙayi a gashinsa. Ya dubi dawar, ya dube ni. Ina jiran abin da zai faɗa, na kuma shirya karɓa. Sai ya juya wajen mahaifiyarsa.

"Mama, kin ce in juya hagu, kin ce in juya dama. Ba ki ce in nutse ba."

"Makauniya ce ni, ba kifi ba. Kai da ke ciki da ido biyu me ka gani?"

Ya fashe da dariya har ya dafa rumbu. Sannan ya ce, "Uwar Dauda, tashi ki ɗora tukunya. Ki cika mudun nan. In na ga kin shafe bakinsa, ni da ke ne."

Da rana tsaka muka ci tuwo a ranar, jan tuwo mai zafi da miyar kuka. Dauda ya ci har barci ya ɗauke shi da hannu a cikin akushi.

Citta ta yi daraja a shekarar. Waɗanda suka buɗe fili da gayya sun dawo daga Kachia da kwano a kan mota. Mu sai bayan damina biyu muka rufe namu, kuma Mama Kande ba ta kai ga jin ruwa a kan kwano ba. Wannan ne abin da har yau idan na tuna nakan ajiye abin da ke hannuna.

Ishaya bai taɓa yi mini gori ba, sai dai tsokana. Har ya tsufa, in na kawo masa ruwan sha sai ya ce, "An auna?" Sau ɗaya na tambaye shi ko ya ji haushina. Muna tsaga citta muna shanyawa a kan dutse, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Da gindin rumbun ya fito irin samansa fa, ni kuma na ciyar da gayya? Fili da ciyawa na iya kallo. Rumbu ba kome a watan takwas, ban san yadda zan kalle ki ba." Na karɓi maganar, amma irina ba ya ajiye abu gaba ɗaya. Shekaru ina juya ta.

Duk wannan na ba Godiya a gindin mangwaro, ta ajiye kalkuleta tana saurare.

"Kaka, kun yi kos ɗin nan tun kafin a haifi lakcaranmu! Goma ɗin shi ne zato na farko, wanda ba a ture shi sai da shaida. Takwas ɗin shi ne iyaka, kuma dole a sa shi kafin a auna. Sampul ɗin, wato damin da kuka ɗebo, shi ne kawai ya ba ku matsala, duka daga sama ya fito."

"Da mun ɗebo har ƙasa, da ba za mu yi kuskure ba ke nan?"

"Da zai yi wuya, amma zai iya faruwa. Kuskure iri biyu ne. Ko ka ture magana alhali gaskiya ne, ko ka bar shi alhali ya canja."

"To littafin ya ce yaya za a kauce wa duka biyun?"

"Ba a kauce wa duka, Kaka. In ka matse ɗaya, ɗayan ya buɗe. Sai dai ka ƙara yawan abin da ka auna, su ragu. In kana so ka tabbata ɗari bisa ɗari, sai ka buge rumbun duka."

"Ƙwari su cinye."

"To kin gani."

Ban gane alamomin da ta nuna mini a littafin ba, masu kama da ƙugiya da wutsiyar ɓera. Amma na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ashe har masu manyan makarantu ba su sami hanyar da mutum zai sani sarai ba tare da ya zazzage komai ba. Su ma zaɓa suke yi wane kuskure za su iya ɗauka.

Yanzu ba rumbu a gidan nan. Ya rushe bayan rasuwar Ishaya, kaji ke wanka a gurbinsa. Buhu muke ajiyewa, kuma ba mai hana ni leƙawa, shi ya sa nake leƙawa fiye da kima. Jiya na ce wa Godiya tunda ruwa ya ƙi zuwa, ta zo mu duba ko ƙwari sun shiga masarar, mu san inda muke. Ta ɗaure ido da ɗankwalina don tsokana, tana nuna buhu da muciya. Ta nuna biyu a sama, ta tsaya, ta cire ɗankwalin ta dube ni. Ta yi tsaki ta fara sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya don ta kai ga na ƙasa.

"Kaka, wannan ya fi asayimen wuya."

Na sama lafiya, na ƙasa ma lafiya, sai ɗaya da ɓera ya ɗan taɓa a kusurwa. Muna cikin mayarwa iska ta juya, ƙofa ta buga, na ji wannan ƙanshin. Sai ɗigo ɗaya a kan kwano, sai na biyu, sai ya kece gaba ɗaya. Kwanon Ishaya ne har yanzu, ya yi tsatsa amma ba ya yoyo. Godiya ta ruga kwashe littattafanta daga gindin mangwaro.

Na ɗauko mudu zan ɗebi na tuwon dare. Na cika shi ya yi tsini, hannuna ya tafi da kansa zai shafe bakin. Na tsayar da shi a sama, na juye a ƙwarya yadda yake.